Motar Iyali ta Hannu a Adjamé da Treichville: Yadda Za a Zaɓi Wadda Aljihu Zai Iya Riƙewa

Magidancin da ke zaune a Adjamé ko Treichville a birnin Abijan, wanda ya tara 'yan miliyoyin sefa daga shago ko daga fataucin albasa, yana son motar da za ta kai yara makaranta, ta kai uwargida asibiti cikin dare, ta ɗauki iyali zuwa suna ko ta'aziyya a Abobo da Port-Bouët, yakan fara da tambayar wace mota ce kuɗinsa za su saya. A ganina tambayar da ya kamata ta riga wannan ita ce wace mota ce aljihunsa zai iya ciyarwa wata bayan wata, shekara uku ko huɗu, a garin da ruwan sama, gishirin teku da cunkoso suke cin ƙarfe ba dare ba rana. Kuɗin saye sau ɗaya ake biyansu, su ne kuma ake gani ƙiri-ƙiri. Kuɗin mai, da gyara, da takardu, da mai gadin da zai kwana da ita a bakin titi, su ba su da ranar ƙarewa, kuma su ne ke mayar da mota gunki a ƙofar gida. Duk shawarar da za ta biyo baya daga nan ta taso: a sayi motar da garin ya riga ya sani, mai takardu tsab, wadda ruwa bai taɓa shanye ta ba, a kuma bar wani kaso na kuɗin a ajiye tun kafin a taka wurin ciniki.

Dole a fara da dokar da ta sauya kasuwar. Ran 6 ga Disamba 2017 gwamnatin Kwaddibuwa ta fitar da doka mai lamba 2017-792, wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuli 2018, ta hana shigo da ƙaramar motar da ta haura shekara 5. Ƙananan bas masu kujera 9 zuwa 34 an ba su shekara 7, manyan bas da manyan motocin kaya shekara 10. Kafin wannan, jiragen ruwa suna sauke tsofaffin motocin Turai a tashar Abijan, waɗanda ake kira France au revoir, wasu shekararsu 15 ko fiye, mai ƙaramin ƙarfi ma yana samun rabonsa. Damuwar gwamnati ba ta rasa tushe ba, don rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga tsofaffin motoci miliyan 14 da Turai, Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo. Abin da dokar ta jawo wa mai saye shi ne kasuwa ta rabu biyu. Wadda ta sauka daga jirgi kwanan nan sabuwa-sabuwa ce, kuɗinta sun fi ƙarfin yawancin magidanta. Wadda kuɗinsu za su kai kuwa ta daɗe tana shan titin Abijan. Toyota ƙirar 2008 mai lambar ƙasar nan, in dai ta shigo ta hanyar da kowa ke bi, to kafin Yulin 2018 ta shigo. Saboda haka in dillali ya nuna maka irinta a filayen sayar da motoci na gefen babban titin da aka fi sani da Giscard d'Estaing ya ce jiya-jiya ta sauka daga jirgi, maganarsa da doka ba su haɗu ba, sai ka tsaya kan takardunta da kyau. Haka kuma shawarar da ake yawan bayarwa, wai a sauka Lome ko Kwatano a sayo da araha, ta rasa ƙarfinta, domin dokar shekara 5 ba ta tambayar ta ruwa aka shigo ko ta kan iyaka.

Sai rabon kuɗi. Shawarata, wanda ke da miliyan 5 kada ya yi tayin da ya wuce miliyan 4. Ragowar ta canjin suna ce, da inshora, da binciken lafiyar mota, da taya, da batir, da gyaran farko wanda babu motar hannun da ke tsallake shi. Masu cewa ai gara a zuba kuɗin duka a samu mota mafi kyau, tunda mai kyau ba ta neman gyara, suna mantawa cewa mai sayarwa yakan daina kashe wa mota kuɗi tun ranar da ya ƙudurta rabuwa da ita, wata shida ko shekara kafin ka gan ta. Bashin gyaran nan kai za ka gada. Lissafin mai kuwa ya fi kowane bayani. A 2024 litar fetur a gidajen mai na Abijan sefa 875 ce, dizal 715. A ɗauka iyali suna yin kilomita 1,000 a wata. Motar da ke shan lita 8 a kowace kilomita 100 za ta ci 70,000. Babbar jif mai silinda shida da ke shan lita 13 za ta ci 113,750. Bambancin 43,750 ne a wata, 525,000 a shekara, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 75,000 tun Janairun 2023. Wannan fa kafin a zo ga kuɗin harajin shekara da na inshora, waɗanda su ma da ƙarfin inji ake auna su. Kuma cunkoson Adjamé yana ƙara wa kowace mota ƙishirwa, ga ta a tsaye, ga na'urar sanyi a kunne, mai yana ƙonewa tafiya ba ta ci gaba.

Wace mota ke nan? Titin ya riga ya ba da amsa. Wanda ya tsaya minti goma a Liberté ko bakin titin Nangui Abrogoua ya ƙirga tasi masu launin lemo da tasin unguwa da ake kira woro-woro, zai ga Toyota Corolla ce ta cika idonsa, sai ƙananan Suzuki da masu tasin Yango suka yawaita a 'yan shekarun nan. Masu tasi ba don sha'awa suka zaɓe ta ba. Mutanen da abincinsu ke rataye da motar ta tashi kowace asuba sun gwada iri-iri, suka tsaya kan wadda ba ta yawan kwana a gareji, in ma ta kwana kayanta na nan kusa. A kasuwannin kayan gyara da ake kira kas, a Adjamé da wajen Abobo, fitila, lagireto, shokozoba ko injin Corolla sukutum abu ne da za a miƙo maka kafin ka gama shan shayi, kuma masu sayarwa da yawa ne, ka taya nan ka taya can. Kowane bakanike na unguwa ya buɗe injin nan sau ba adadi, yaransa ma sun san shi. Injinan fetur na Corolla masu lita 1.6 da 1.8 daga shekarar 2000 zuwa sama da sarƙa suke aiki a madadin bel ɗin taimin, wato an rage maka wani babban abin fargaba, ko da yake na farkon shekarun 2000 an san su da shan baƙin mai in sun tsufa, sai a lura. Avensis da Corolla Verso 'yan gida ɗaya ne da ita a inji. Hyundai da Kia ma sun yi yawan da kayansu ba su da wuyar samu yanzu, ba laifi a duba su.

Akwai mai cewa, kuma da gaskiyarsa, sunan Toyota ya sa ana tsawwala mata kuɗi. Kuɗin da za su ba ka Corolla mai shekara 15 za su iya ba ka Marsandi ko BMW mai kujerun fata, ko Peugeot da ta fi ta ƙuruciya da taushin tafiya. Me zai sa a biya da yawa a samu kaɗan? Amsa ita ce arahar motar Jamus ta hannu ba kyauta ba ce, kasuwa ce ta riga ta cire kuɗin gyaran da ke tafe. Kwamfutocinta da yawa, zafi da laimar Abijan ba sa raga wa wayoyi, kuma ran da ɗaya ta mutu sai a jira kaya daga Turai mota na zaune. Tsadar Toyota kuwa tana dawowa hannunka ranar sayarwa, don mai saye ba ya wuyar samu, abin da ɗan kasuwa da jarinsa kan bukaci ɗauki ba zato ya kamata ya sa a lissafi. Peugeot tana da tsofaffin masana a garin nan, ba a raina ta, amma wanda ya saye ta ya canza bel ɗin taimin nan take, kada ya dogara da cewa an canza, don in ya tsinke inji ne ya tafi. Dizal na Turai kuma, wanda arahar mansa ke ruɗar mutane, yana da nasa tarko. Tun dokar hayaƙi ta Euro 5 da ta fara a 2009, irin waɗannan motoci suna ɗauke da matatar toka a salansa wadda ba ta wanke kanta sai an yi doguwar tafiya da gudu. Motar da aikinta daga Avenue 16 zuwa makaranta da kasuwa ne, tana rarrafe a gadar De Gaulle safe da yamma, za ta toshe matatar nan. Mai zuwa Bouaké ko Korhogo kowane mako dizal zai yi masa rana. Mai zirga-zirgar cikin gari ya tsaya ga fetur. Batun giya ma haka: giyar hannu ta fi sauƙin gyara, giya mai canza kanta irin ta da ta fi hutar da ƙafa a cunkoso kuma tana da juriya in ana canza manta, amma irin mai kuloci biyu ba ta son tafiyar tsaya-matsa, gyaranta kuma ba na kowane gareji ba ne.

Sai dai yawan Corolla a titi yana da nasa haɗari, kuma a nan ne mai saye ya fi faɗawa rami. Motar da ta yi shekaru tana tasi, direba biyu suna karɓa-karɓa dare da rana, ana iya yi mata sabon fenti fari ko toka-toka, a sa mata rigar kujera, a mayar da agogon kilomita baya, a kawo ta fili. Dillali zai ce, "Alhaji, wannan ta wata Hajiya ce, daga gida sai ofis." Kada ka musa masa, ka buɗe ƙofa ka ɗaga robar da ke gefenta, ka ɗaga kafet ɗin but, ka leƙa ƙarƙashin murfin inji ta kusurwoyi. Mai fenti ba ya kaiwa can, launin lemo ko shuɗi ko kore na asali yana nan yana jiranka. Ka shafa rufin daga sama ka ji ko akwai wurin da aka toshe hujin fitilar tasi, ka duba dashbod ko akwai ramukan kusoshin mita. Ka dubi robar birki da ta kuloci: agogon da ke nuna kilomita 90,000 ba ya tafiya da feda da ta cinye har ƙarfe ya fito, ko sitiyari da ya yi santsi yana ƙyalli, ko ƙofar baya da ta saki don yawan buɗewa da rufewa. A but kuma ka nemi huji ko guntun tiyo da ba na kamfani ba, domin akwai masu haya da ke haɗa wa mota tukunyar gas ta girki don tsimin mai, abin da doka ta hana, kuma yana barin inji da lahani.

Batun girma shi ne inda zuciya ta fi rinjayar lissafi. Gidan Bahaushe ba na mutum huɗu ba ne, ga yara, ga ƙanin matar, ga baƙon da ya sauka daga Maraɗi ko Tawa, sai mutum ya ga in ba jif mai kujera bakwai ba bai yi komai ba. Amma a tambayi kai sau nawa a wata ake cika kujerun nan bakwai. In Sallah ce da biki sau uku a shekara, kuɗin man da za a yi tsiminsu da ƙaramar mota sun isa a ɗauki tasi ta biyu a waɗannan ranaku har a yi saura. In kuwa kullum ne, yara biyar makaranta ɗaya, to akwai masu kujera bakwai da ƙaramin inji, irin Corolla Verso ko Suzuki Ertiga, waɗanda shan mansu bai yi nisa da na ƙaramar mota ba. Sai dai a sani layin baya na yara ne, kuma in an ɗaga shi but ya kusa ƙarewa. Sienna ta Amurka ta fi su faɗi da daɗin zama nesa ba kusa ba, injinta kuma yana da aminci, amma yawancinta silinda shida ce, a koma ga lissafin can na sama. Akwai kuma wurin kwana. Yawancin gidajen haya na Treichville tsakar gida ɗaya ce ta mutane da yawa, ba gareji, mota a bakin titi take kwana, kuma doguwar mota a lungunan kasuwar Adjamé azaba ce ga mai ita da maƙwabtansa. Jin daɗi a Abijan abu uku ne a ganina: na'urar sanyi mai aiki da gaske, ƙafafu masu lafiya da ba sa buga ƙashin bayan tsohuwa a kowane rami, da ɗan tsayi daga ƙasa yadda hawan Williamsville da kwatocin damina ba za su riƙa gugar cikinta ba. Wanda unguwarsa ko hanyar gonarsa ta lalace sosai, RAV4 mai silinda huɗu ta ishe shi. Allon talabijin, rufin gilashi da kujerar lantarki kuwa ƙarin abin lalacewa ne, rufin gilashin ma yoyo yake yi in ya tsufa.

In an ga wadda ta kwanta a rai, takardu ake fara dubawa kafin a tayar da inji, domin injin da ya lalace kuɗi ke gyara shi, motar da takardunta suka lalace kuwa ana iya ɗauke ta gaba ɗaya. A karɓi katin mallaka na asali, kartigiri, ba hotonsa ba. A gwada lambar jikin mota, mai harufa da alƙaluma 17, da wadda ke kan katin, harafi bayan harafi, a duba ta a inda aka buga ta a ƙarfe da kuma gindin gilashin gaba ko jikin ƙofa. In wurin ya nuna alamar walda, ko goge, ko sabon fenti shi kaɗai, a yi sallama a tafi. Sunan da ke kan katin ya zama na wanda ke sayarwa, da katin shaidarsa a hannu. In dillali ne, a nemi ganin mai ita ido da ido. A dubi takardar binciken lafiya ta SICTA, wadda motar gida ke yi shekara-shekara, da shaidar harajin shekara. A tabbatar ba jingina take ba a wurin banki ko kamfanin da ya ba da ita bashi, wannan ya fi yawa ga ƙananan motocin haya da aka ɗauka biya-sannu. Mota mai lambar wata ƙasa da ke yawo da izinin wucin gadi na duwan takan zo da farashi mai daɗi, dalili kuwa ba a biya mata kuɗin fito ba, in kuma ta haura shekara 5 ƙofar yi mata lambar ƙasar nan a rufe take.

Canjin suna ba abin jinkirtawa ba ne. An saba a sayi mota a riƙe takardar cinikin hannu, katin yana ɗauke da sunan mutum na uku ko na huɗu a baya wanda ba a san inda yake ba. Da can ana lallaɓawa a haka. Tun Satumbar 2021 da aka fara kama laifin tuƙi da kyamara, tara lambar mota take bi, saƙon kuma yana zuwa ga mai sunan da ke rajista, sannan daga Maris 2023 lasin tuƙi ya koma mai maki 12 da ake zaftarewa. Saboda haka mai saye da mai sayarwa su tafi tare cibiyar CGI inda ake harkar katin, a duba ko akwai tarar da ba a biya ba, a cire ta daga kuɗin, a shigar da canjin suna, sannan a cika biya. Wani abin da ya shafi mutanenmu musamman shi ne al'adar sa sunan ɗan'uwa ko yaron shago, wai don takardunsa sun fi sauƙi. Ran da aka ɓata, ko mutuwa ta gitta aka zo rabon gado, hukuma sunan da ke kan kati ta sani. Wahalar kwana biyu a layi ta fi shari'ar shekara biyu tsakanin dangi.

Bayan takardu sai ruwa. Abijan tana shan ruwan sama mai yawa, mafi ƙarfinsa daga Mayu zuwa Yuli, kuma kowa ya san yadda mahaɗar Indénié ta sha zama tafki shekara da shekaru. Ambaliyar daren 18 zuwa 19 ga Yuni 2018 ta kashe mutane kusan 20, ta kuma nutsar da motoci a unguwanni irin Riviera. Motocin da ruwa ya shanye ba a zubar da su, wanke su ake yi a shanya a sayar. Ga kuma waɗanda ake sayowa a gwanjon kamfanonin inshora na Amurka da Kanada bayan haɗari ko ambaliya, a gyara su a nan. Motar ruwa takan yi lafiya wata biyu ko uku, sannan tsatsa ta fara cin mahaɗan wayoyi, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitila, jibi kwamfutar inji, ba kuma bakaniken da zai ce ga ƙarshen abin. Hanci ne ɗan sanda na farko: a rufe ƙofofi minti biyu a shaƙa, warin rima ko turaren da ya yi yawa duk abin tuhuma ne. A ja bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai zanen ruwa ko laka a can ciki. A haska tocila ƙarƙashin kujera a dubi dogon ƙarfen da take gudu a kai, a ɗaga tayar safaya a duba ramin, a tura hannu bayan feda. Busasshiyar laka a wurin da ƙafa ba ta kaiwa ba ta da wani bayani sai ɗaya. Wadda aka shigo da ita daga Amurka kuwa, a rubuta lambar nan mai 17 a intanet, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna fitowa, a ga yadda take kafin mai gyaran jiki ya taɓa ta. Don gane haɗari, a tsaya daga gaba a dubi tsagar da ke tsakanin ƙofofi da murfin inji ko ta daidaita hagu da dama, a naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle a bi jikin da shi, inda ya ƙi kamawa ciko ne aka shafa da kauri. A ɗaga ta sama a ga ƙashin ƙasa, tsatsar gishiri da walda duk a can suke ɓuya.

Inji da sassafe ake gwada shi, yana sanyi, a kuma gaya wa mai ita kada ya tayar kafin a zo. A taɓa murfin a tabbatar. In an murɗa makulli, fitilun dashbod duka su kama sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, musamman ta inji da ta jakar iska, wataƙila an cire ƙwanta ne don ta yi shiru. Hayaƙi shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inji, baƙi kuma mai ne ya yi yawa. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga kumfa fari-fari kamar madara a ƙarƙashinsa, gasket ya tafi ko yana hanya. A zo da bakanike naka, wanda kai ka biya shi kuɗin yininsa, ya sa na'urar bincike ta kwamfuta, don kusan duk motar fetur ta Turai daga 2001 da ta Amurka daga 1996 tana da wurin sa ta. Gwajin tafiya kuma kada ya tsaya a zagaya layi. A cika ta da mutane kamar yadda za a riƙa cika ta, a kunna sanyi, a haye gada daga Treichville a shiga cunkoson Adjamé da gangan, ido na kan allurar zafi. Motar da za ta tafasa a nan take tafasa. Daga nan a hau babbar hanyar arewa a kai kilomita 100 a awa, a ji ko sitiyari na rawa, a taka birki a ga ko tana ja gefe. Taya ma tana da ranar haihuwa a jikinta, alƙaluma huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara 6, ko da zanenta bai cinye ba, a sa kuɗin sabuwa cikin abin da za a rage.

Za a ce duk wannan bincike cin fuska ne in mai sayarwa ɗan gari ne, ko abokin sahu a masallaci, ko dillalin da mai unguwa ya haɗa ku. Zumuncin zango abu ne mai daraja, da shi baƙo ke samun masauki da jari a garin da ba nasa ba, ban kuma ce a yi wasa da shi ba. Amma binciken shi ke tsare zumuncin. Sau da yawa mai motar da kansa bai san abin da ke cikinta ba, shi ma haka ya saye ta. In aibi ya fito bayan wata guda, zargi ne zai shiga tsakani, a daina gaisawa. In ya fito kafin a biya, ragi ne kawai za a yi ko a ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Shari'ar Musulunci ma ta ɗora wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ta kuma kwaɗaitar da kafa shaidu a ciniki. Dillali kuwa a sani la'adarsa sai an sallama take fitowa, don haka gaggawar da yake sa ka, wai wani na zuwa da kuɗi da la'asar, ta aikinsa ce. A yanke la'adar tun farko a san wanda zai biya. Kada a ba da kafin alƙalami sai bayan bakanike ya gama, in an bayar a rubuta sharaɗin mayarwa. Tayi kuma da takarda ake yinsa: taya biyu kaza, shokozoba kaza, tarar da ba a biya ba kaza. Mai mota zai iya ce wa tayin baka albarka, amma lissafin da ya gani da idonsa yana da wuyar turewa. Biya ya zama ta banki ko a gaban shaidu biyu da rasit, ba jakar kuɗi a fili ba.

Saura masu cewa a bar tsohuwa gaba ɗaya, a ɗauki sabuwar ƙaramar Suzuki biya-sannu, ga garanti ga tsimin mai. Ga mai albashi tsayayye wanda iyalinsa ba su wuce huɗu ba, wannan shawara ce mai kyau, ban da abin cewa a kanta sai ƙanƙantar wuri. Ga ɗan kasuwa da samunsa ke hawa da sauka, biyan wata-wata da ba ya jiran ciniki igiya ce a wuya, ga kuɗin ruwa da da yawa daga cikinmu ba sa son shiga. Wanda kuma lissafinsa ya nuna mai da gyara za su taɓa kuɗin makarantar yara, ya ƙara haƙuri shekara guda. Adjamé ita ce cibiyar ƙananan bas na gbaka da bas ɗin SOTRA, Treichville na da tashar jirgin ruwan fasinja zuwa Plateau, layin jirgin birni da ake ginawa daga Anyama zuwa Port-Bouët ma ta unguwannin nan biyu zai ratsa. Ba wanda ya fi mazaunin nan samun abin hawa in bai da nasa.

In ciniki ya faɗa, makon farko na kuɗin nan ne da aka ajiye. A juye baƙin mai da matatarsa, a canza matatar iska da ta fetur, a duba man giya da na birki, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske a daina zuba na famfo, wanda ke cin inji da tsatsa. In injin mai bel ne a canza shi tare da famfon ruwa. A sa sababbin robobin share gilashi kafin Mayu, a gyara duk bel ɗin kujerun baya, tunda a can yara ke zama. A biya inshora kafin motar ta kwana biyu a hannu, a sayi ƙaramin littafi a ajiye a aljihun dashbod, a rubuta kwanan wata da kilomita na kowane gyara da sunan abin da aka canza.